Amsa Kan Kalmomin Gilashi a Wasan Cike Gurbi

Malama, kin tambayi kalmar da za ta cike gurbi mai gida 8, mai farawa da T, wadda bayaninta shi ne abin shan ruwa na gilashi, kuma kin nemi ƙarin kalmomi don wasan da kike shirya wa ɗalibanki na Tudun Wada. Amsarki ita ce tambulan. Na daɗe ina shirya wa ɗalibai irin wannan wasa a nan Zariya, kuma na lura yara suna saurin rubuta tabarau saboda ita ma da "ta" take farawa, alhali haruffanta 7 ne, kuma a ido ake sa ta, ba a shan ruwa da ita.

Kafin ki zana gidajen, ki yanke hukunci kan rubutu, domin a nan rigima take tashi. Idan kowane harafi gidansa daban, gilashi tana cin gida 7, amma idan kin ɗauki "sh" a matsayin baƙi ɗaya, kamar yadda ake koyarwa a darasin Hausa, ta koma 6. Ni dai na fi son kowane harafi da gidansa, don kada layin tsaye ya rikice inda ya haɗu da na kwance. Haka kwalba take da gida 6, kwalaba kuma 7, duk ana faɗa, sai ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana taimakawa wajen tsofaffin kalmomi, sai dai rubutunsa ba irin na yau ba ne.

Madubi da kofi ba su ba yara wahala. Finjali tana da daɗi, amma kada ki ce na gilashi ne, domin yawanci na tangaran ne. Wadda ta fi burge ni ita ce ƙarau, abin hannun nan da Masaga na Bida suke narka kwalabe su yi. Ki tabbata yaro ya sa ƙugiyar ƙ, in ba haka ba ta ɓata kalmar da ta ratsa ta.

Ki sani kuma a kasuwar Sabon Gari yawancin masu saye kofin gilashi suke cewa, saboda haka ki kai tambulan ɗaya aji su gani kafin ki raba takardun.