Agogo mai auna motsi bayan cire filasta: abin da na gani

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce an cire mata filasta bayan karaya a wuyan hannu, kina tambaya ko ki saya mata agogon nan mai ƙirga motsi don ki riƙa sanin tana atisayen da aka ba ta. Ni dai da za ki ji tawa, ki riƙe kuɗinki tukuna.

Ni ma mashin ya kayar da ni a Kwangila, na dafe ƙasa da tafin dama, ƙashin ya karye dab da gaɓa. Sati 6 na yi da filasta. Da aka cire, hannun ya sandare kamar icce, ko ruwan alwala ba na iya kamfata.

Ƙanena ya ara mini agogonsa. Matsalar ita ce inda ake ɗaura shi: a kan sangalin hannu yake zama, sama da gaɓar. Na'urorin cikinsa girgiza da juyawar sangali suke ji, tafin hannu kuwa yana iya lanƙwashewa ba su sani ba. Ranar da na wuni ina kaɗa mafici, agogon har jinjina mini ya yi! Na'urorin da aka ƙera don wannan aikin biyu ake liƙawa, ɗaya a bayan tafi, ɗaya a sangali, bambancin da ke tsakaninsu shi ne lanƙwasar.

Waya ce ta fi yi mini amfani. Akwai manhajojin auna karkata na kyauta, irin wanda magina ke duba daidaiton bango da shi. Sai in kwantar da hannu a kan tebur, tafin ya zarce bakin teburin, a ɗora wayar a bayan tafin, a mayar da lamba sifili, sannan in lanƙwasa a karanta. Lafiyayyen wuyan hannu kan yi kusan digiri 80 zuwa ƙasa, 70 zuwa sama, amma ki fara auna lafiyayyen hannunta, da shi za ki kwatanta. Kuma ki danne sangalin, don mutum kan ɗaga gwiwar hannu ya cuci kansa bai sani ba. Sau ɗaya a sati ya isa, awon kullum ɓacin rai kawai yake kawowa.

Kowace Juma'a ina rubuta lambar a takarda, in tafi da ita sashen gashin ƙashi a asibitin Shika da ke Zariya. Mai duba ni yana sake aunawa da ma'auninsa, sannan ya ce a ƙara atisaye ko a rage. Har bidiyo matata ke ɗauka in nuna masa, nan ya gano da kafaɗa nake juya hannun.

Idan yatsunta na mutuwa, ko kumburi na ƙaruwa, ko zafi ya hana ta barci, a ajiye waya a koma asibiti. Kada kuma ta dogara da hannun wajen tashi daga sujada sai an ba ta izini. Wane hannun ne ma, dama ko hagu?