Me ya sa sabon gida ya fi soron ƙasa zafi?

Malam, ka ce ɗakinka na bulo a unguwar Arkilla ta Sakkwato ba ya kwantuwa da bazara, alhali soron kakanka sanyi ƙalau. Kaurin bango ne da irin rufi. Tubali da rufin azara suna jinkirta shigar zafi, shi kuwa kwano nan take yake sauko maka da rana, ga Sakkwato tana wuce digiri 40 a Afrilu.

Ka ɗaga rufi, ka sa silin, ka bar kafar iska a tsakaninsu. Tagogi su kalli kudu da arewa. Ni na yi kuskuren babbar taga ta yamma, bayan la'asar ko tabarma ba ta taɓuwa, sai da itacen dogon yaro ya girma ya yi wa tagar inuwa. Kafin ka fasa bango dai, kira injiniya ya duba.