Likita, maganin nan yana taɓa min ido

Tambaya: Tun da na fara shan maganin tarin tibi, fitsarina da hawayena suka koma ja-ja. Jini ne?

Amsa: Ba jini ba ne, Malam, launin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan tibi da aka haɗa maka. Ci gaba da shan maganinka. Amma a cikin haɗin akwai ethambutol, wanda kan taɓa jijiyar gani. Ka fara gani dishi-dishi, ko ja da kore suka rikice maka, koma asibiti a ranar.

Tambaya: In na sha Piriton idona yakan bushe.

Amsa: Yakan yi haka. Yana wucewa in an daina.

Tambaya: Ɗana mai shekara 8 yana fama da ƙaiƙayin ido. Mai kemis ya ba mu dexamethasone na ɗigawa, kusan shekara ke nan muna sa masa, kuma yana jin daɗinsa. Da matsala?

Amsa: Hajiya, ki kai yaron nan asibitin ido cikin makon nan a auna masa ƙarfin ruwan ido.

Dexamethasone yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa iyaye ke yaba shi. Sai dai a cikin ido akwai ruwa da ke fita ta wata 'yar magudana. Daɗewa ana ɗiga wannan magani yana cushe ta, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani. Shi ne hawan jinin ido, kuma yara sun fi manya saurin kamuwa ta wannan hanya. Ba zafi, ba ja. Gani yana zaizayewa daga gefe, kafin a farga ya yi nisa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin yana kuma kawo yanar ido. Masu shan ƙwayarsa don su yi ƙiba, ku ma da ku nake.

Ki tafi da kwalbar, likita ya gani ya tsara yadda za a janye shi. Akwai magungunan ƙaiƙayi marasa wannan haɗari.

Kuma don Allah kada a ce an bar na kemis a koma ɗiga nonon uwa, ruwan sukari ko fitsari. Fitsari a ido! Da me yaron ya yi laifi? Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. Kada ki jira sai ya ce ba ya ganin allo a aji.