Kafin ka zo Birtaniya karatun lauya, san Kotun Ƙolinsu

Ƙanena, ka tambaye ni ko digirinka na lauya zai sauƙaƙa maka digiri na biyu a nan, tunda daga Turawan Ingila muka gaji tsarin shari'a. Zai taimaka ƙwarai. Sai dai kar ka ɗauki Kotun Ƙolinsu kamar tamu ta Abuja, nan ne ɗalibanmu ke yin tuntuɓe.

Ita fa kotun nan yarinya ce. A Oktoban 2009 ta fara zama, bisa wata doka ta 2005. Kafin nan manyan alƙalan a cikin majalisar dattawan ƙasar suke, nan suke yanke hukunci na ƙarshe, a ginin da ake yin dokokin. Aka ga abin bai kamata ba, aka fitar da su zuwa wani gini da ke kallon majalisar a Landan. Kujeru 12 ne. Lord Phillips ya fara shugabanta, Lady Hale ta zama mace ta farko da ta shugabance ta a 2017, Lord Reed ya gaje ta a 2020.

Ga abin da nake so ka riƙe: kotun ba ta da ikon soke dokar da majalisa ta yi. A gida kundin tsarin mulkin 1999 ne sama da kowa, duk dokar da ta saɓa masa ta faɗi. Nan majalisa ce mai wuƙa da nama. Amma gwamnati ba ta tsira ba. A Satumban 2019 alƙalai 11 baki ɗaya suka ce dakatar da majalisa da Firaministan lokacin, Boris Johnson, ya yi haramtacce ne.

Waɗannan alƙalan su ne kuma ke zama a kwamitin shari'a na Privy Council (majalisar mashawartan Sarkin Ingila), wanda shi ne kotun ƙarshe ta Najeriya har 1963. Ka tuna shari'ar Adegbenro da Akintola kan kujerar Firimiyan Yammacin Najeriya? Can aka kai ta, aka juya hukuncin Kotun Ƙolin Tarayya da ke Legas, kuma a shekarar ne muka zama jamhuriya muka daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan.

Shiga kallon shari'a kyauta ne. Za ka ga alƙalan cikin kwat, ba hular gashin nan da lauyoyinmu ke fama da ita a zafin Kano. Ana kuma nuna zaman kai tsaye a intanet, don haka fara kallo tun daga gida kafin bizarka ta fito.