Tambayoyinku: Glock 21 ko Glock 30, da sauran batun bindigar hannu

Wasiƙun wannan makon duk daga 'yan'uwa mazauna Amurka suka zo, kuma duk a kan bindigar hannu. Bismillah.

Wani ɗan'uwa daga Houston ya ce: "Malam, ina da katin zama na dindindin, ina aikin dare a shagon gidan mai. Ina son bindiga mai jikin roba mai cin harsashin .45, wadda zan riƙa ɗaurawa a ƙugu, in kuma kwana da ita a gida. Glock 21 ko Glock 30?"

Ɗan'uwa, in dole sai ɗaya daga cikin biyun nan, ɗauki 30. Glock 21 tana cin harsashi 13, kuma in ka cika ta nauyinta ya haura kilo ɗaya. Mai tsayuwar awa takwas a bayan kanta, sati biyu ya yi yawa zai gaji da ita ya fara barinta a mota, kuma daga cikin mota ɓarayi suka fi samun bindiga. Glock 30 gajera ce, harsashi 10 take ci, tana kuma karɓar gidan harsashin Glock 21, wato kwanson da ake jera harsasai a ciki. Sai dai kaurinsu kusan ɗaya ne. In tafin hannunka ƙarami ne, yatsanka ba zai zauna daidai a kan kunama ba. Akwai sirara, irin Glock 36 mai cin 6, da M&P45 Shield ta Smith & Wesson, da XD-S ta Springfield. Suna ɓuya sosai a ƙarƙashin riga, amma rashin nauyinsu ne ke sa su tankwaɓe hannu in an harba. Kada ka biya ko sisi sai ka je filin koyon harbi ka yi hayar biyu ko uku ka gwada. Ka kuma tambayi mai shagon da kake wa aiki tukuna. Tun Satumbar 2021 Texas ta yarda wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da wani laifi da ya hana shi ya ɗauki bindiga ba lasisi, amma wannan bai hana ubangidanka sallamarka ba in dokar wurin aikinsa ta haramta.

To, wa ya ce maka sai .45? Na san amsar: abokai a majalisa, da bidiyon YouTube. Wai harsashin .45 shi ne na maza. Gaskiya ne ƙato ne (lambobin nan, .45 da 9mm, faɗin harsashi suke nunawa), giram 15 ne nauyinsa, na 9mm kuwa wajen 8. Amma sojan Amurka da suka riƙe .45 tun 1911 sun koma 9mm a 1985. Hukumar FBI ma, bayan artabun da jami'anta suka yi da 'yan fashi a Miami a 1986, ta gwada 10mm, ta koma .40, daga ƙarshe ta dawo 9mm, saboda harsasan zamani sun rage tazarar, kuma jami'anta sun fi samun abin da suka auna da ƙaramin.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke lissafin kuɗi. Mutum zai zuba dala 600 a kan bindiga, ya ɗauki hoto da ita, shi ke nan kasafi ya ƙare. Kwalin harsashi 50 na .45 ya fi na 9mm tsada nesa ba kusa ba, sai ka ga ya sayi kwali ɗaya, ya harba rabi, ya ajiye rabi, shekara ta zagayo bai sake taka filin harbi ba. Sannan ya hau intanet ya sayo kube na yadi na dala 12 wanda ke lanƙwashewa. Glock ba ta da maɓallin kulle na waje da ake turawa da babban yatsa. Abin da ke tsakaninka da harbin cinyarka shi ne kube mai tauri da ya rufe kunama ruf, wanda aka ƙera domin wannan samfurin, da bel mai ƙarfi. Gefen riga ko igiyar jaket in ta shiga wurin kunama lokacin da kake mayar da bindiga cikin kube, ta tashi. Haka gidan harsashi na jabu da ake tallarsa rabin kuɗi: ga tambarin kamfani a jiki, amma sifirin ɗin ciki ba ƙarfi, sai ya maƙale a harbi na uku. Kamar ka sayi doki ne na alfarma ka ɗaure shi da zaren ɗinki. Ka ware kuɗin kube, da akwatin ƙarfe, da ajin horo, da harsashin atisaye na wata shida. Abin da ya rage shi ne kuɗin bindigarka. In bai kai na .45 ba, ka sayi 9mm, ba wanda zai tambaye ka.

Wani daga Atlanta yana tambaya ko Glock 20 mai cin 10mm ba ta fi duka ba, tunda harsashi 15 take ɗauka.

Ta fi, in kana yawo a dajin Alaska ko Montana inda dabbar beya ke tare hanya. A Atlanta me za ka yi da ita? Ƙara, da tsada, da harsashin da zai iya ratsa bangon katako ya shiga ɗakin maƙwabci.

Wani kuma wai ko jikin roba ba zai fashe ba, kuma da gaske ne na'urar filin jirgi ba ta ganinta?

Haba. Mariƙin ne roba, bututun da saman duk ƙarfe ne, kuma tun farkon shekarun 1980 sojan Austiriya ke amfani da Glock. Na'ura tana ganinta sarai. Ka gwada mantawa da ita a jakar hannu ka ga yadda tara da 'yan sanda suke.

Wani ɗalibi mai bizar karatu ya ce abokinsa ɗan ƙasa zai saya masa bindiga da sunan shi abokin.

Ƙanena, kul. Mai bizar karatu, ban da wasu 'yan keɓe-keɓe, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga. Abokinka kuma zai sa hannu a fom 4473, takardar gwamnati da ake cikewa a shagon bindiga, cewa shi ne ainihin mai saye. Saya wa wanda doka ta hana, tun 2022, yana iya kai mutum ɗaurin shekara 15. Kai kuma karatun ya ƙare, sai jirgi.

Wata baiwar Allah daga Columbus ta rubuto: "Maigida ya sayo .45 yana ajiye ta a ƙarƙashin katifa. Yaranmu uku, ƙaramin shekararsa huɗu. Ba na iya barci, kuma ina jin nauyin yi masa magana."

'Yar'uwa, tsoronki a kan hanya yake, kada ki ga kamar kin cika zargi. Yaro ya san duk maɓoyar da ke gidan, kuma ɗan shekara huɗu yana iya jan kunama da manyan yatsunsa biyu. Ki same shi cikin natsuwa, ba a gaban yara ba, ki nuna masa ƙaramin akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobi ko zanen yatsa. Bai kai kuɗin cefanen sati ba, kuma cikin daƙiƙu yake buɗewa, don haka hujjar "in ɓarawo ya shigo fa?" ta faɗi. Akwai kuma abin da ba mu son faɗa: fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka su ne suka harbi kansu. In akwai matashi a gidan, ko wani da damuwa ta yi wa yawa, lambar akwatin ta tsaya tsakaninku ku biyu. In ya ƙi ji, ki sa limaminku ko yayansa a maganar. Allah ya tsare mana zuri'a.

Na ƙarshe, wani yana son ya saka wa ƙaninsa da ke Zamfara bindiga a cikin motar da zai aika ta kwantena, saboda 'yan bindiga.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, na san abin da ke cin ranka. Amma fitar da makami daga Amurka ba izini babban laifi ne, kuma a dokar makamai ta Najeriya bindigar hannu tana cikin waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. In kwastan suka buɗe kwantenar a Legas, ƙanin naka da sunansa ke kan takarda shi za a fara ɗauka. Aika masa kuɗin hayar gida a Gusau ya kwashe iyalinsa.