Tambaya da Amsa: Kwadon da ke jikin keke bai isa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Da keke nake zuwa kasuwa, ina kulle shi da kwadon nan na tayar baya. Maƙwabcina ya ce wannan ba kullewa ba ce. Da gaske ne? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka ya yi gaskiya, Malam. Kwadon da ke zuwa a jikin keke ƙirar Phoenix da ire-irensa taya kawai yake hana juyawa. Ɓarawo sai ya ɗaga bayan keken ya gungura shi a kan tayar gaba, ko ya jefa shi bayan a-kori-kura. Keken da ba a ɗaure shi da wani abu kafaffe ba, a sake yake.

Nemi sarƙa mai taurin ƙarfe, kaurin zobenta milimita 8 zuwa 10, tsawonta kamar mita 1, da kwado mai gajeren wuya, don almakashin ƙarfe ya rasa wurin kamawa. Wayar nan mai rigar roba kada ka ɓata kuɗinka, nan take ake datse ta. Zura sarƙar ta cikin firam, wato ƙarfen gangar jikin keken, da tayar baya, sannan ka zagaya turken ƙarfe da aka kafa da siminti. Duba tsayin turken: in gajere ne, ɗaga keken za a yi a zare ta sama. Ja sarƙar ta ɗame, kada kwadon ya kwanta a ƙasa, nan ne guduma ke samun sa. Masu ɗaure tayar gaba kaɗai kuwa, noti biyu ne a wurin. Sifana mai lamba 15 ta kwance su, a bar musu taya. Sa sarƙar cikin tsohon tib don kada ta kankare fenti, lokacin hunturu kuma ka ɗiga wa kwadon mai saboda ƙura.

Tambaya: In an sace min keke, na gan shi hannun wani, da me zan kafa hujja? Daga ɗalibi a Zariya.

Amsa: Da lambar firam. Yawanci tana ƙarƙashin inda feda ke juyawa, a wasu tsofaffin kekuna kuma kusa da gindin sirdi. Ɗauki hotonta tun yau, ka adana rasit. Rubuta sunanka a takarda, naɗe ta a leda, cire sirdi ka cusa cikin bututun. Kada ka yi kokawa da wanda ka gan shi da keken, wataƙila saye ya yi. Kai maganar ofishin 'yan sanda, ka kuma ba masu gyaran keke na unguwa lambar.