Ku Tambaya Mu Amsa: Dashen bakin teku da murjanin da ya yi fari

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta dasa mangurof, itatuwan nan na bakin teku masu jure gishiri, har sau biyu. Kafin shekara ta zagayo kusan duk sun mutu. Irin ne ba shi da kyau?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce laifin iri ne, galibi wurin dashen ne bai dace ba. Mangurof na rayuwa ne a tsakanin matsakaicin tsayin ruwan teku da iyakar inda ruwa ke kaiwa idan teku ta cika. Bai kamata gindinsa ya wuce kusan kashi 30 cikin 100 na lokaci a nutse ba, domin saiwoyinsa iska suke shaƙa. Masu dashe kuwa sukan zaɓi filin taɓon da ke can ƙasa, don babu kowa a kansa, sai tsiron ya shaƙe. Haka aka yi a ƙasar Filifin, inda aka shafe shekaru ana dasawa amma kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kaɗai ya rayu.

Kafin ku sake sayen ko tsiro ɗaya, ku binciki abin da ya kashe dajin mangurof na asali da ke wurin. In jingar tafkin kiwon jatan lande ce ko wata hanya ta tare ruwa, ku fasa jingar, ku buɗe tsofaffin magudanai yadda ruwa zai shiga ya fita. Sannan ku je dajin mangurof mai lafiya mafi kusa, ku auna tsayin ƙasar da kowane nau'i ke tsirowa a kai. Tiyon ruwa irin na magina ya isa wannan awo. Idan akwai manyan itatuwa a kusa, ku ɗan dakata: 'ya'yansu kan biyo ruwa su kama ƙasa da kansu, kuma sun fi dashen hannu ƙwari.

In dashe ya zama dole, ku soka kashi ɗaya cikin uku na dogon ɗan itacen Rhizophora (wani nau'in mangurof) a cikin taɓo, ku bar tazarar mita 1 zuwa 2. Ku riƙa zagayawa kuna cire leda da tsohuwar koma da ke naɗe tsiro su karya shi, ku kuma killace wurin saboda dabbobi. Don Allah kada ku dasa a kan ciyawar teku. Ita ma gida ce ta ƙananan kifaye, lalata ta asara ce.

TAMBAYA: Murjanin da ya yi fari fat ya mutu ke nan?

AMSA: A'a, Malama, murjani halitta ce mai rai da ke gina duwatsu a cikin teku, yunwa yake ji. Idan zafin ruwa ya haura na lokacin zafi da digiri 1 na makonni, murjani kan kori ƙananan tsirran da ke cikin jikinsa, waɗanda ke ba shi launi da yawancin abincinsa. In ruwan ya huce da wuri yakan farfaɗo. Abin da mazauna gaɓa za su iya shi ne hana ruwan najasa da laka kwarara kansa, daina jefa angar jirgin ruwa a wurin, da daina kama kifayen da ke cin gansakuka, don in babu su gansakukar ce ke rufe murjanin kafin ya warke.